Kafin Ka Ƙara Wani Abu a Kan Agashe

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Bashir. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Ihsan, Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya sa ku shiga Umdurman da ƙafar dama.

Za ka yi mamakin ganin takarda a cikin jakar tsinkayenka, alhali jiya muka ci tuwo a kwano ɗaya. Umdurman kuma ba wata duniya ba ce, gada ɗaya ce tsakaninmu. Amma ka san halina da naka. In na fara magana da Hausa sai ka amsa mini da Larabci, kafin in kai ƙarshen zance ka ce "tamam, Yaba," ka miƙe. Takarda ba a katse ta. Shi ya sa na zauna bayan sallar walha na rubuta, da harshen da ubana ya yi mini faɗa da shi.

Shekaranjiya na ji kana lissafa wa Ihsan abubuwan da za ka haɗa da agashe, tsiren nan namu, idan ka kafa murhunka: ruwan lemo, cajin waya, kifi ranar Alhamis, har da shayi. Ko gawayin farko ba ka saya ba. Ban yi fushi ba, dariya ma na yi a raina, don muryata na ji a bakinka. Kuma gaskiyarka ce, murhu ɗaya ba ya ɗaukar gida a wannan zamani. Dole ka ƙara wani abu. Sai dai ni na yi ƙari iri-iri a rayuwata, wani ya ciyar da mu, wani ya kusa karya ni, wani kuma har yau in na tuna shi kunya nake ji. Gara ka ji su daga bakina.

Ka san daga inda muka fito. Kakanka auduga ya tsinta a gonakin Jazira har bayansa ya lanƙwashe, bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasar ba. Abin da ya bar mini shi ne wuƙa, da hannun yanka nama siriri, da haɗin yajin da ya koya wurin nasa uban. Da su na zo Khartum, na tara yashi a bakin kasuwar Sahafa, na hura wuta a tsakiya, na jera tsinkaye kewaye da ita. Da wannan tudun yashin aka auri innarka Hauwa, aka haife ku, aka kai ku makaranta. Alhamdu lillahi.

To, yajin nan na ɗauke shi kamar wani asiri. Innarka ce ke soya gyaɗa, ta matse mai, ta daka ƙuli-ƙulin, ni kuma in shiga ɗaki in rufe ƙofa in zuba citta da masoro da kanumfari da sauran abin da ban faɗa wa kowa ba. Wata rana da la'asar wata mata ta tsayar da mota, ta sayi agashe, ta ɗanɗana, sai ta ce in sayar mata da yajin kawai, za ta aika wa ɗanta da ke aiki a Saudiyya.

Na ce, "Hajja, nama nake sayarwa."

Ta ce, "Ko nawa ne zan biya."

Na ce ba na sayarwa ba ne. Ta tafi. Na koma gida ina ba innarka labari da alfahari, kamar wanda ya kori ɓarawo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, matar nan ɗanta yana Saudiyya. Da ka sayar mata, zai zo Sahafa ya kafa murhu kusa da naka ne?"

Na ce, "Ke ba ki san kasuwa ba."

Ta ce, "Na san turmi dai. Ni ke daka shi."

Shekara biyu tana maimaita maganar, ina toshe kunne. Tsorona shi ne in kowa ya samu yajin a gidansa, ba wanda zai zo wurina. Da na gaji da mita na ce ta ƙulla leda goma, don in nuna mata ba za a saya ba. Kafin a kira isha babu ko ɗaya. Kuma waɗanda suka saya ba su daina zuwa cin nama ba. Sai ma su dawo suna cewa sun gwada a gida bai yi kamar nawa ba, in ba su tsinke biyar. Ashe abin da nake ɓoyewa rabin sana'ar ne kawai, sauran rabin yana hannuna da idona da sanin lokacin da za a juya tsinke.

Sauran labarin ka gan shi da idonka. Da yaƙi ya tashe mu muka nufi Gadarif, tudun yashi bai shiga mota ba, masu sayen nama kuma kowa ya watse. Turmin innarka ne ya shiga. A ɗaki ɗaya na gidan kawunka ta ci gaba da daka, ni da nake cewa ba ta san kasuwa ba na zama mai ɗaukar mata leda zuwa shaguna. Da wannan muka ci har Allah Ya dawo da mu.

Don haka, ɗana, idan za ka ƙara wani abu, fara duba abin da ke hannunka tuni, wanda mutane ke tambayarka da bakinsu. Abin da aka tambaye ka sau uku, kasuwa ce ke ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kuma idan Ihsan ta kawo shawara, kada ka yi mata irin amsar da na yi wa innarka. Ta yi shekaru tana taya mahaifiyarta sayar da turare, ta san fuskar mai saye fiye da yadda kake zato. In abin ya karɓu, ka faɗa a gaban mutane cewa dabararta ce. Ni sai da na yi furfura na iya faɗin haka, kuma na yi asarar shekarun da zan faranta mata rai.

Yanzu maganar raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Kana aji uku a firamare lokacin, ƙila abin da kake tunawa shi ne yadda nake ɗaukar ku zuwa makaranta kuna ihu. A shekarun nan kowa a unguwarmu raksha yake saye. Maƙwabcinmu ya saya, mai wanki ya saya, har limamin masallacinmu ya saya ya ba ƙaninsa. Yaji ya fara kawo ɗan rufin asiri, sai na ga ni ma me zai hana. Na ce ai agashe sai la'asar, safiya zaman banza nake yi.

Ƙarya na yi wa kaina. Safiyar mai agashe ba zaman banza ba ce. Da safe ake zuwa mahauta a zaɓi cinya da ido, a taɓa, a sansana. Da hantsi ake zama a yanka a natse, a cire jijiya, a shafa yaji a bar shi ya kama. Ni kuwa na koma ina yawo da fasinja tsakanin Sahafa da babbar kasuwa tun fitowar rana har azahar. Nama sai in aika wa mahauci saƙo ya ajiye mini duk abin da ya samu. In dawo kaina na sarawa da ƙarar inji, in yanka da gaggawa, in soke, in jera.

Akwai wani tsohon malamin makaranta, Ustaz Mahjub, wanda ya shekara goma sha yana cin agashena duk ranar Litinin da Alhamis. Wata Alhamis ya karɓi tsinke, ya ciza, ya daɗe yana taunawa. Sai ya ajiye, ya cire tabarau, ya dube ni.

Ya ce, "Ya Adam, an yi muku rasuwa ne?"

Na ce, "A'a, Ustaz, lafiya lau."

Ya ce, "To wa ya gasa wannan? Mutumin da na sani ba ya ba ni jijiya."

Ya biya, ya bar sauran a faranti. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Amma ban daddara ba, na ce tsufa ne ya sa haƙoransa suka yi rauni. Bayan sati uku, da rana tsaka, barci ya sace ni a kan raksha ina tafe. Na farka na ga kaina a cikin amalanken mai ruwa, ganga ta fashe, jaki na kuka, mai jakin yana salati. Allah Ya rufa asiri ba fasinja a baya, ba wanda ya ji ciwo sai ni. Wuyan hannuna na dama ya karye. Kwana arba'in ban riƙe wuƙa ba, murhu ya yi sanyi, kuliyoyi suka mayar da yashin wurin kwana.

Na sayar da rakshar hannuna na ɗaure. Ba raksha ce mai laifi ba, wasu da ita suka gina gida. Ni ne na ɗauko sana'ar da ke cin lokacin sana'ata. Duk abin da za ka ƙara, ka tambayi kanka: a wace sa'a zan yi shi, kuma me nake yi a wannan sa'ar yanzu? In amsar ita ce zaɓen nama ko yanka ko barcin da zai ba ka ƙarfin tsayuwa gaban wuta, bar shi, ko nawa ake samu. Cajin wayar da ka ambata ba ya cin hannu, mutum zai ajiye wayarsa ya zauna jira, mai jira kuma ƙamshi zai kama shi. Wannan na yarda da shi. Kifi kuwa wata sana'a ce daban, da nata asubancin da nata wuƙar. Ka bari sai murhunka ya shekara.

Saura shayi. A kansa na fi son ka natsu, don shi ne dalilin takardar nan.

Ka san Hajja Sakina, mai shayin da ke zama a gindin darbejiya, taku goma daga murhuna. Kun tashi kuna kiranta Habboba kamar ita ta haifi innarku. Abin da ba ka sani ba shi ne akwai wata huɗu da ba ta zauna a wurin ba, kuma ni na tashe ta.

Ta riga ni zuwa bakin kasuwar nan. Daga yamma fari ya koro su, mijinta ya rasu a unguwar Mayo, ɗanta ya tafi neman zinariya bai dawo ba, ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ranar da na fara tara yashina ita ta nuna mini inda iska ke bi, don kada hayaƙi ya shiga shagunan mutane su kore ni. Kullum kafin la'asar za ta share wurin har gabana, ta yayyafa ruwa, ta jera 'yan kujerunta na saƙa, ta sa turaren wuta. Mutane su zauna.

Bayan hannuna ya warke ina neman inda zan mayar da abin da na rasa, sai idona ya faɗa kan kujerun nan. Duk wanda ya ci agashe sai ya matsa wurinta ya sha shayi ko gahawa. Shaiɗan ya ce mini: waɗannan ai mutanenka ne, kai ka kawo su, wuta kuma kana da ita. Na sayi babbar buta da kofuna dozin biyu da benci. Na sa kuɗin kofina ƙasa da nata kaɗan. Innarka ta ce, "Malam, ka gaya wa Hajja?" Na ce kasuwa ta kowa ce.

Ranar farko Hajja Sakina ta dubi butar, ta dube ni, ta ce, "Mabruk, ya Adam. Allah Ya sa albarka." Ta ci gaba da share gabana kamar kullum. Sati biyu, uku, ina ganin kujerunta suna zama babu kowa, ina kawar da kai. Wata la'asar na zo na tarar gindin darbejiya wayam, sai duwatsu uku na murhunta.

Na so in ce maka nadama ce ta kai ni gidanta. Ba ita ba ce. Kasuwata ce ta faɗi. Ashe ba ni ke kawo mata mutane ba. Su suna zuwa ne tun rana da sauran zafi, su zauna a inuwarta, su yi hirar ƙwallo da siyasa, ƙamshin nama ya iske su a zaune, sai su ɗaga hannu. Da ta tafi ba mai sharewa, ba turare, ba mai tambayar mutum jikin mahaifiyarsa. Shayina kuwa, mutum ɗaya ya gaya mini gaskiya, ya ce ɗanɗanon hayaƙin kitse yake yi. Wata huɗu ina taurin kai, sannan na hau mota zuwa Mayo da niyyar in lallaɓa ta ta dawo don amfanin kaina.

Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan, ɗaki ɗaya na jar ƙasa da rumfar buhu. Na same ta a tsugune gaban baho tana wankin kayan mutane, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kujerunta goma sha biyu ne a da, na ƙirga huɗu a jingine. Babbar jikarta, wadda nake gani da kayan makaranta, tana shanya, a ranar karatu.

Ta gan ni ta miƙe da ƙyar, ta goge hannu, ta ce, "Adam! Marhaba, marhaba. Yaya Hauwa? Yaya hannun?" Ta jawo mini kujera, ta hura gawayi. Ta zuba shayi, ta sa sukari cokali biyu da rabi, ta jefa ganyen na'ana'a ɗaya, ta miƙo mini. Haka nake sha. Shekara goma sha tana haɗa mini shi ban taɓa faɗa mata sau biyu ba.

Bashir, ban iya kai kofin bakina ba. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ce, "Hajja, na zalunce ki."

Ta ce, "Ka yi."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta juya garwashi. Can ta ce, "Da ka zo ka ce mini, Hajja, hannuna ya karye, gida ya yi nauyi, da mun zauna mun nemi dabara tare. Abin da ya yi mini ciwo ba butar ba ce. Ka saye ta ka wuce ta gabana da ita ba ka ce mini komai ba, kamar ni ma dutse ce a wurin." Sannan ta ce, "Sha shayinka, zai huce. Na yafe."

Ranar Asabar ta dawo. Na kai mata butar da kofunan da bencin, na sayo kujeru takwas na cike mata. Yarinyar ta koma makaranta. Kuma ka ji ikon Allah: dabarar da ta ce da mun nema tare, tana da ita. Matan unguwa wurinta suke tsayawa, ita ke fara jin gidan da za a yi suna, da gidan da ɗansu ya dawo daga tafiya za a yi sadaka. Sai ta ce musu, "Ku kira Adam ya zo ya gasa muku a gida." Haka na fara zuwa gidajen biki da yashina a buhu, har unguwar Soba an kira ni. Ledojin yajin innarka kuma a kan teburinta suka fi tafiya, tana ɗaukar rabonta. Ƙarin da ya fi kowanne yi mini albarka daga bakin matar da na kora ya fito.

Saboda haka, idan ka isa inda za ka kafa murhu, kafin ka sauke buhun yashi, tsaya ka dubi waɗanda ka tarar. Ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka san abin da kowa ke sayarwa da bakin da yake ciyarwa. In akwai mai shayi, kai ba ka sayar da shayi. In akwai mai lemo, ka tura mata masu ƙishirwa. Abin da babu mai yi, shi ne naka. In kuma wata rana ka matsu har kana hangen abin hannun maƙwabcinka, je ka zauna ka gaya masa ka matsu. Ni ban yi haka ba, kuma ka ji abin da ya jawo.

Ina da roƙo ɗaya. Tun da muka dawo ban ga Hajja Sakina ba. Ranar da muka fita kowa ta kansa yake yi, ban samu na bi ta Mayo ba, wannan ma yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kai. Na je gidan, wasu ne a ciki, ba su san ta ba. Wani ya ce ta bi mota zuwa Kosti, wata kuma ta ce an gan ta a Umbadda wurin 'yar ƙanwarta. Umbadda kusa da kai take yanzu. Ka riƙa tambayar masu shayi, sun san junansu. Ka ce tsohuwa ce doguwa mai tsaga uku a kowane kunci, tana ɗingisa ƙafar hagu. In Allah Ya sa ka same ta, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce mata Adam ya sake hura wuta. Ka ce darbejiyar tana nan ba a sare ta ba, mutum biyu sun nemi wurin na hana, kuma kullum kafin la'asar ni nake sharewa in yayyafa ruwa.

Na gode wa Allah da Ya ba ni ɗa da ya ɗauki wuƙar kakansa ba tare da jin kunyarta ba. Na gode maka da haƙurin da ka yi da mu a Gadarif. Innarka tana gaishe ku, ta ce yajin da ke ƙasan jaka na wata ɗaya ne, Ihsan ta zo ranar Juma'a ta koyi haɗin da hannunta. Na yarda a gaya mata duka.

Allah Ya tsare ka daga sharrin wuta da wuƙa da hanya. Allah Ya ba ka maƙwabta na gari, Ya sa kai ma ka zama na gari a gare su. Ya sa albarka a abin da za ka fara da abin da za ka ƙara, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Adam
Sahafa, Khartum